Mayuka Bakwai a Gaban Madubi, Fuska Kuma Tana Raɗaɗi

Assalamu alaikum, Malama. Shekaruna 43, kuma cikin shekaru biyun nan na lura da layuka a goshina da gefen idanuna, ga wasu baƙaƙen tabbai masu faɗi a kumatuna biyu waɗanda hoda ba ta iya rufewa. Na sayi mayuka har guda bakwai, ciki akwai retinol, da bitamin C, da ruwan asid na goge fuska, da sabulu mai tsakuwa, da man kolajin, kuma ina shafa su safe da dare. Makonni uku ke nan fuskata tana raɗaɗi tana saɓa, tabban kuma sun ƙara duhu. Wata ƙawata ta kawo mini wani haɗin mai a cikin roba marar suna, ta ce cikin kwana goma zai wanke komai. Ban taɓa shafa man kariya daga rana ba, domin ni baƙa ce. Ni da maigidana kuma ba mu fid da rai da ƙarin haihuwa ba. Wane sinadari zan nema, wanne zan bari?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kafin mu kai ga sinadarin da za ki nema, akwai abu biyu da nake so ki yi tun a daren yau: ki tattara mayukan nan bakwai ki ajiye su nesa da madubi, sannan kada ki buɗe robar da ƙawarki ta kawo. Wasu masu sayarwa sukan ce raɗaɗi alama ce ta magani yana aiki, domin su kwantar wa mai saye da hankali, amma raɗaɗin makonni uku tare da saɓar fata kuka ne fatar take yi, kuma ruwa ba ya tsami banza. Mai yiwuwa ne kowane ɗaya daga cikin mayukanki yana da kyau idan shi kaɗai aka shafa, sai dai retinol da asid da bitamin C da sabulu mai tsakuwa a kan fuska ɗaya, safe da dare, sun fi ƙarfin kowace irin fata.

A can saman fatar mutum akwai wani siririn shinge wanda bai kai kaurin takarda ba, matattun ƙwayoyin fata ne jere kamar tubali, ga wani maiƙo da ya cike tsakaninsu yana riƙe da su. Aikinsa shi ne ya hana ruwan jiki fita, ya kuma hana abin da zai cutar shiga. Wannan shingen ne kika kankare, shi ya sa yanzu ko ruwan wanke fuska yake yi miki zafi. Ga mai baƙar fata lamarin ya fi muni ta wani ɓangare guda, domin ƙwayoyin da ke samar da launi, wato melanin, suna da saurin fusata: duk inda fata ta ji ciwo ko ta kumbura, sai su ƙara zubo launi a wurin, ciwon ya warke cikin kwanaki amma tabon ya zauna watanni. Abin da ya sa tabbanki suka ƙara duhu ke nan, garin neman gira an kusa rasa ido. Na makonni biyu zuwa huɗu masu zuwa, ki wanke fuska da sabulu mai laushi marar turare da ruwa mai ɗumi kaɗan, ba tare da soso ko gurzawa ba, sannan tun fatar tana da ɗan danshi ki shafa mai guda ɗaya mai ɗauke da gilisarin da seramid. Gilisarin yana jawo ruwa ya riƙe shi a fata, seramid kuwa dangin maiƙon nan ne da ke tsakanin tubalan. Inda ya fi saɓa ki ɗora ɗan basilin da dare, domin kusan babu abin da ya kai shi toshe hanyar fitar ruwa daga fata. Idan kuwa kin ga kumburi, ko ƙuraje masu ruwa, ko fatar tana tsattsagewa tana fitar da ruwa, to kada ki jira makonnin nan, ki je ki ga likita.

Batun robar ƙawarki zan ɗan daɗe a kansa, domin shi ne mafi haɗari a duk wasiƙarki. Fata takan ɗauki kimanin makonni huɗu kafin sababbin ƙwayoyinta su taso daga ƙasa su iso sama, kuma lokacin yana ƙara tsawo yayin da shekaru suke ja. Saboda haka duk man da zai haskaka fuska cikin kwana goma, akwai abin da ya ɓoye a cikinsa, kuma galibi ɗaya ne daga cikin abubuwa uku. Na farko shi ne sitiroyid mai ƙarfi, irin su kilobetasol da betametason, waɗanda magunguna ne na gaskiya da likitoci ke rubutawa don wasu cututtukan fata na ɗan taƙaitaccen lokaci. Idan aka mai da su man shafawa na kullum, da farko fuska takan yi haske da santsi har mutane su fara yabawa, daga baya fatar ta yi siriri, jijiyoyi su fito fili, ƙuraje da nankarwa su biyo baya, wani lokaci har gashi ya tsiro a fuska, kuma abin da ya shiga jini yana iya taɓa hawan jini da sukari. Wannan tsufar ce da kanta aka saya da kuɗi, domin siririyar fata ita ce ta fi saurin yanƙwanewa. Na biyu shi ne haidirokwinon, wanda shi ma yana da wurinsa a hannun likitan fata na 'yan watanni ƙididdigaggu, amma idan aka daɗe ana shafa shi yakan haifar da wani duhu mai shuɗi-shuɗi da ake kira okoronosis, wanda ya fi tabon farko wuyar magani nesa ba kusa ba. Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan kwalliya tun 2001, Amurka kuma ta janye shi daga kayan da ake saya ba da takardar likita ba a 2020. Na uku shi ne zaiba, wanda ake kira makuri, mai lalata ƙoda da jijiyoyi, mai kuma iya kai wa ga ɗan da ke ciki. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan zaiba, ta fara da iyakance shi zuwa kashi 1 cikin miliyan a kayan kwalliya, sannan a 2023 ƙasashen da suka sa hannu suka amince a hana sa shi a cikinsu gaba ɗaya. Ban san wanne ne a robar nan ba, ke ma ba ki sani ba, ina kuma kyautata zaton ƙawarki ma ba ta sani ba, kuma wannan rashin sanin kaɗai ya isa hujja.

Yanzu sai mu koma kan tsufar da kanta. A ƙarƙashin fatar sama akwai wata shimfiɗa mai kauri da aka saƙa da zaruruwan kolajin, masu ba ta ƙarfi, da na ilastin, masu sa ta koma daidai idan an ja ta. Daga ƙuruciyar balaga kolajin yana raguwa da kimanin kashi 1 cikin 100 kowace shekara, kuma ga mata raguwar takan yi sauri sosai idan al'ada ta ɗauke, har a rasa kusan kashi 30 cikin 100 a shekaru biyar na farko. Wannan rabo ne na kowa, babu man da zai tsayar da shi cak. Amma akwai wata tsufar ta biyu da ake ɗora wa fata daga waje, wadda rana ce babbar mai kawo ta, hayaƙin taba kuma yana biye, kuma ita ce ake iya ragewa. Idan kina son shaida, ki kwatanta fatar cikin damtsenki, wadda rana ba ta cika gani ba, da ta bayan hannunki: shekarunsu ɗaya, amma kamarsu ta bambanta.

Kin ce ba ki taɓa shafa man kariya daga rana ba domin ke baƙa ce, kuma akwai rabin gaskiya a maganarki. Melanin garkuwa ce, shi ya sa baƙar fata ba ta cika ƙonewa ba, kuma tamoji yakan makara kafin ya bayyana a kanta idan aka kwatanta da farar fata. Sai dai tsufar baƙar fata ba ta cika farawa da layuka ba, da rarrabuwar launi take farawa, wuri ya yi duhu wuri ya yi haske, kuma wannan ɗin aikin rana ne kai tsaye. Hasken rana yana ɗauke da UVB, wanda ke ƙona saman fata, da UVA, wanda ke ratsa gajimare da gilashin taga ya nutse har inda kolajin yake, ya tayar da wasu sinadaran jiki masu yayyanka shi. Akwai kuma na uku da ya fi shafar irinmu, wato hasken da ido yake gani, musamman shuɗin ɓangarensa, wanda aka tabbatar yana ƙara duhun tabo a baƙar fata, duhun kuma ya daɗe. A garin Nambour na ƙasar Ostireliya an bi mutum 903 na tsawon shekara huɗu da rabi, aka wallafa sakamakon a 2013, inda aka ga waɗanda suke shafa man kariya kowace rana tsufar fatarsu ta gaza ta masu shafawa jefi-jefi da kashi 24 cikin 100. Yawancinsu fararen fata ne, amma ranar da ta taɓa su ita ce take taɓa kumatunki. A ganina, da za a ce kuɗinki na mai ɗaya ne kacal, wannan zan ce ki saya, domin duk abin da za ki shafa da dare don goge tabo, rana za ta mai da shi da safe idan babu kariya.

Ki nemi man kariya mai lambar SPF 30 ko sama da haka, SPF kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin kariyarsa. SPF 15 yana tare kimanin kashi 93 cikin 100 na UVB, SPF 30 yana tare 97, SPF 50 kuma 98, don haka ba sai kin wahalar da kanki wajen neman babbar lamba ba. Lambar SPF ba ta cewa komai a kan UVA, sai ki duba ko akwai haruffan UVA cikin da'ira, ko kuma PA da alamun tarawa uku ko huɗu a gabansa. Saboda tabbanki, wanda ya fi dacewa da ke shi ne mai launi, wato wanda aka sa wa ayon oksaid, dangin tsatsar ƙarfe da ake ba hoda launi da shi, domin shi ne yake tare hasken da ido ke gani, kuma yana rage farin nan mai kama da toka da zink oksaid da titaniyom daioksaid suke bari a baƙar fuska. Kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne ƙarancin shafawa, domin lambar da ke jikin kwalba an auna ta ne da miligiram 2 a kowace murabba'in santimita na fata, wanda ga fuska da wuya ya kai layi biyu na mai a tsawon yatsu biyu. Wanda ya ɗan ɗiga ya murza, kariyarsa ba ta kai rabin abin da aka rubuta ba. Idan za ki daɗe a waje ko kina gumi, ki sake shafawa bayan kowace awa biyu, kuma inuwa da laima da tabarau suna daga cikin maganin.

Sinadari na biyu, wanda hujjarsa ta fi ta kowa ƙarfi wajen rage layukan da suka riga suka fito, shi ne dangin bitamin A da ake kira retinoyid, kuma retinol ɗin da ke cikin kayanki ɗan gidansu ne. Tarihinsu yana da ɗan ban sha'awa. Albert Kligman, wani likitan fata a Jami'ar Fensilbaniya, yana cikin waɗanda suka samar da tiretinoyin don maganin ƙurajen fuska, kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1971. Sai manyan mata masu shafa shi don ƙuraje suka fara lura fatarsu tana ƙara santsi, a 1988 masu bincike a Jami'ar Mishigan suka wallafa gwajin da ya tabbatar da hakan, a 1995 kuma aka amince da shi don ƙananan layukan fuska. Yana sa fata ta ƙara saƙa kolajin, yana rage sinadaran da ke yanka shi, yana kuma hanzarta sabuntawar ƙwayoyin sama, abin da ke taimakawa wajen daidaita launi. Fata ba ta jin yaren kowa a gidan sai na tiretinoyin, saboda haka idan aka shafa retinol sai ta juya shi zuwa retinal, sannan ta sake juya retinal zuwa asid ɗin da ke aiki, wato tiretinoyin ɗin. Waɗannan matakai biyun ne suka sa retinol ya fi rauni, ya fi jinkiri, amma ya fi sauƙin jurewa, shi kuwa tiretinoyin sai da takardar likita a yawancin ƙasashe. Ga mai farawa, retinol na kashi 0.1 zuwa 0.3 cikin 100 ya wadatar, kuma 0.3 ɗin ita ce iyakar da Tarayyar Turai ta sanya wa mayukan fuska a dokar da ta fitar a 2024. Da dare ake shafa shi, a kan busasshiyar fata, gwargwadon ƙwayar wake ɗaya ga fuska duka, a kauce wa fatar ido da gefen hanci da kusurwar baki, sannan a ɗora mai mai laushi a kai. Dare biyu a mako ake farawa, a ƙara sannu a hankali cikin watanni idan fata ta amince, kuma ba a fara ganin canji kafin wata uku, sau da yawa ma sai wata shida.

Na yi miki wannan dogon bayani ne domin ki san darajar abin da ke hannunki, amma batun haihuwa da kika kawo a ƙarshen wasiƙarki ya sauya lissafin. Tunda ba ku fid da rai da haihuwa ba, ki ajiye retinol da duk danginsa, har da tiretinoyin da adafalin. Irinsu da ake sha, wato aisotiretinoyin, an tabbatar yana jawo mummunar tawaya ga ɗan tayi, kuma ko da yake abin da ke shiga jini daga na shafawa kaɗan ne, likitoci sun haɗu a kan a guje shi ga mai juna biyu da mai neman juna biyu, domin layin goshi bai kai a yi caca da lafiyar jariri a kansa ba. Haka ma haidirokwinon, wanda kaso mai yawa nasa yake ratsa fata ya shiga jiki. Idan lokacin haihuwa da shayarwa ya wuce, retinol yana nan yana jiranki.

Wannan ba ya nufin za ki zauna hannu rabbana. Abin da zan ɗora ki a kai shi ne asid ɗin azelayik, wanda duk da sunansa ba ya cikin masu kankare fata, kuma yana daga cikin 'yan sinadaran da likitoci suke bari mai juna biyu ta shafa. Yana rage aikin ƙwayoyin launi da suka wuce gona da iri, yana kwantar da kumburi, yana kuma maganin ƙuraje. Ana samunsa a kashi 10 cikin 100 ba tare da takarda ba, na 15 da na 20 kuwa galibi likita ne yake rubutawa, kuma yakan ɗan yi ƙaiƙayi na 'yan mintuna a makonnin farko. Abokin tafiyarsa shi ne niyasinamid, wani nau'in bitamin B3, mai rage miƙa launi daga ƙwayoyin da ke samar da shi zuwa ƙwayoyin saman fata, mai kuma taimaka wa fata ta ƙera seramid nata. A kashi 2 zuwa 5 cikin 100 aka yi yawancin gwajinsa, don haka kwalaben da ke taƙama da kashi 10 ko 20 ba su da wani fifikon da aka tabbatar, sai dai ƙarin yiwuwar raɗaɗi. Akwai kuma abin da nake so likitan fata ya duba da idonsa: tabbai masu faɗi a kumatu biyu, dama da hagu kamar an auna, ga mace mai shekarunki, sun yi kama da melasma, wanda ciki da ƙwayoyin tazarar haihuwa da rana da zafi suke tayarwa. Idan shi ne, to ba a warkar da shi sau ɗaya a huta, lallaɓa shi ake yi, kuma gurzawa da asid mai ƙarfi ƙara masa wuta suke yi.

Bitamin C ɗinki yana da amfani, amma shi ɗan lele ne. Yana kashe kaifin ɓarnar da hasken rana ke haddasawa a cikin fata, jiki yana bukatarsa wajen saƙa kolajin, kuma yana ɗan dusashe tabo, shi ya sa wurinsa da safe ne a ƙarƙashin man kariya. Tsantsarsa, wato asid ɗin askobik, sai ya kai kashi 10 zuwa 20 cikin 100 kuma ruwansa ya yi tsami ƙasa da 3.5 a ma'aunin pH kafin ya ratsa fata, kuma wannan tsamin ne yake sa shi cizo. Binciken Sheldon Pinnell da abokan aikinsa a Jami'ar Duke ya nuna cewa haɗa shi da bitamin E da asid ɗin ferulik yana ƙara masa ƙarfi da ƙarko. Iska da haske da zafi suna lalata shi, don haka ki duba kwalbarki: idan ruwan ya koma ruwan ƙasa ko ja-ja, ya mutu, ki zubar. Idan yana da rai, shi ne zai zama na ƙarshe da za ki dawo da shi, kuma idan ya ci gaba da yi miki zafi ki rabu da shi ba tare da nadama ba, tunda azelayik da niyasinamid sun ɗauke yawancin aikinsa a kan tabo.

Sauran ba za su ɗauke mu lokaci ba. Sabulu mai tsakuwa ki mayar da shi na goge dundunniya. Ruwan asid na goge fuska, idan gilaikolik ne, shi ne mafi ƙanƙantar ƙwaya a danginsa kuma mafi saurin nutsewa da cizo, laktik da mandelik sun fi shi sauƙi a baƙar fata, kuma dukkansu suna ƙara wa fata jin rana. Sau ɗaya a mako ya isa ga mai bukata, ke kuwa ba ki bukatarsa a watannin nan. Man kolajin yana laushi kamar kowane mai, amma ƙwayar kolajin ta fi girman abin da zai iya ratsa fata sau ɗaruruwa, saboda haka a sama take kwana har ki wanke ta da safe. Asid ɗin hayaluronik yana riƙe ruwa, ya ɗan cike ƙananan layuka na yini guda, aikin da gilisarin ma yake yi ba tare da hayaniya ba. Su feftaid, wato ƙananan guntayen furotin da ake sawa a mayuka, akwai 'yar hujja a kansu, amma yawancinta daga kamfanonin da ke sayar da su ta fito. Bakuciyol, wanda ake tallatawa a matsayin madadin retinol daga tsiro, sanannen gwajin da ake kafa hujja da shi na mutum 44 ne cikin makonni 12, kuma ba a tabbatar da amincinsa ga mai juna biyu ba, don haka kalmar tsiro kada ta ruɗe ki.

Idan kin je saye, ki juya kwalba ki karanta bayanta, domin gabanta talla ce. Ana jera sinadarai ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, har a kai kan waɗanda ba su wuce kashi 1 cikin 100 ba, su kuma a jera su yadda aka ga dama. Idan sinadarin da aka rubuta da manyan haruffa a gaba, irin niyasinamid da ake bukatarsa da ɗan yawa, ya faɗo can bayan turare a jerin, to sunansa kawai kika saya. Ki fifita wanda ya faɗi yawan kashinsa a fili, wanda ba shi da turare, wanda yake cikin kwalba mai duhu ko mai famfo maimakon buɗaɗɗen gwangwani da yatsa ke shiga kullum, kuma mai ɗauke da sunan kamfani da ranar lalacewa. Tsada ba ta cikin ma'aunin, domin gilisarin ɗin da ke cikin kwalba mai ruwan zinariya shi ne dai a cikin ta roba.

Ga yadda zan tsara miki watannin da ke tafe. Da zarar raɗaɗi ya lafa, ki fara man kariya kowace safiya, ko da a gida za ki wuni kusa da taga, tare da mai mai laushi safe da dare. Bayan makonni biyu ki ƙara azelayik da dare, ki fara gwada shi a bayan kunne na kwana uku ko huɗu, sannan ki shafa shi a fuska dare ɗaya ki tsallake ɗaya. Bayan wasu makonni uku ko huɗu, idan fata tana lafiya, niyasinamid ya shigo. Dalilin shigo da su ɗaya bayan ɗaya shi ne idan wani ya ɓata miki, za ki san mai laifin, abin da ya gagare ki yanzu da bakwai suka haɗu. Ki ɗauki hoton fuskarki yau a gaban taga ba tare da hoda ba, ki sake ɗauka a wuri ɗaya da lokaci ɗaya bayan wata uku, domin madubin da ake kallo kullum ba ya nuna canjin da ke tafiya a hankali. Abin da za ki iya sa rai da shi shi ne launi ya daidaita, tabo ya dusashe, fata ta yi laushi, ƙananan layuka su ragu. Zurfafan layuka, da sakin kumatu, da ƙananan baƙaƙen tsiro da kan fito a kunci da gefen idon masu baƙar fata, waɗannan babu man da yake kawar da su, aikin likitan fata ne da kayan aikinsa ga mai so, kuma kada ki bari kowa ya ƙona miki su da wani haɗi a gida.

Ita kuma ƙawarki, ina jin da kyakkyawar niyya ta kawo miki robar, kuma akwai yiwuwar ita ma abin da take shafawa ke nan. Idan kin mayar mata, ki tambaye ta cikin hikima tsawon lokacin da ta yi tana amfani da shi, da kuma ko fuskarta tana yi mata zafi ko ƙuraje duk ranar da ta tsallake. Idan ta ce haka ne, alama ce ta sitiroyid, kuma kada ta yanke shi rana ɗaya, domin fatar da ta saba da shi takan yi bore idan an janye shi farat ɗaya. Ku tafi tare wurin likitan fata, ke a duba kumatunki, ita kuma a tsara mata yadda za ta rage shi a hankali, kuma ku riƙe robar a hannu domin likitan ya gani.